Tsiryar da Aka Yaye a Zaure

Har yau ba na iya tauna ɗanyar gyaɗa in haɗiye ta da daɗin rai. Da zarar ɗanɗanonta ya cika min baki, wannan ɗan zaƙi-zaƙi mai haɗe da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi min abin. Malamai suna cewa kada mutum ya kwana da fushi. Nawa ya kwana, ya tashi, ya yi furfura tare da ni. Tun da Allah ya sa na koyi riƙon alƙalami bayan na gama aurar da 'ya'ya, zan rubuta dalilin. In ka karanta ka ce abin bai kai a riƙe shi a rai ba, ba kai ne farkon faɗa min haka ba.

Gidanmu na wata 'yar unguwa a gindin dutsen Kwatarkwashi. Babban gida ne, mai sassa da yawa, kuma mai gidan shi ne baffana, yayan mahaifina, ɗan farin kakata. Shi ke riƙe da makullin rumbu, shi ke zama a zaure da abokansa, maganarsa kuwa ba a mayar da ita. Ɗakin kakata yana can ƙurya, kusa da rumbuna, ƙaramin ɗaki mai ƙanshin hayaƙi da daddawa. A nan nake kwana tun ina ƙarama, domin tun da aka kai ni yaye wurinta na ƙi komawa ɗakin mahaifiyata.

Shekarar da nake ba da labari, ban isa ɗaukar tulu ba tukuna, amma na isa a tura ni korar tsuntsaye a gona. Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Wata rana da la'asar aka yi hadari mai iska, irin wanda ke kwashe jinka, ya karya wani babban reshe na tsohuwar ɗorawar da ke bayan gidanmu. Da ruwa ya ɗauke muka fita tsintar itace. A cikin kogon reshen nan na ga 'ya'yan tsirya biyu. Wanda bai san tsirya ba, ƙanwar aku ce: koriya shar, mai jan baki da doguwar wutsiya, ga surutu kamar matan gidan suna. Manoma ba sa ƙaunarta, domin in garkensu ya sauka a gonar dawa sai dai mai gona ya yi salati. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta riga ta mutu. Ɗayar tana numfashi, tsirara, ƙaton kai a kan siririn wuya, gashi ya fara tsiro mata kamar ƙayoyi.

Na naɗo ta a bakin zanena na shiga gida. Mahaifiyata ta leƙa ta ce in jefar kafin kyanwa ta rage min wahala. Kakata tana zaune tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Miƙo ta nan. Rai gare ta, ba tsumma ba ce."

Ta sa ta cikin ƙoƙo, ta shimfiɗa mata auduga da tsohon kallabi, ta ajiye nesa kaɗan da murhu inda ɗumi ke kaiwa amma hayaƙi ba ya kaiwa. Sannan ta koya min aikin. Sai an jiƙa gero ya yi laushi, a niƙa shi a dutse, a dama shi ruwa-ruwa, a tauna gyaɗa ta zama kamar madara a haɗa. Ni ke taunar gyaɗar, domin haƙoran kakata sun yi sallama da ita tuntuni. Ta fere wani ɗan kara ya zama kamar ƙaramin cokali. Kafin a ba ta sai an taɓa kunun a leɓe: in ya yi zafi zai ƙona ta, in ya huce ba za ta karɓa ba. Ta kama yatsana ta ɗora a ƙasan wuyan tsuntsuwar, wurin wata 'yar jaka mai laushi. Ta ce wannan shi ne maroro, nan abinci ke fara sauka. In ya cika a dakata, kuma ba a ƙara sabo sai na da ya wuce, in ba haka ba ya yi tsami a ciki ya kashe ta.

In tana jin yunwa akwai yadda take yi. Sai ta kwantar da ƙirji, ta riƙa sunkuyar da kai tana ɗagowa, tana karkaɗa fukafukai, tana wani kuka siriri mai maimaita kansa. Da maroro ya cika sai ta yi tsit, ta lumshe ido, ta kwanta a tafin hannuna da ɗuminta. Kafin in fita gona in ba ta, in na dawo in ba ta, tsakani kuwa kakata ce. A haka ƙayoyin nan suka fashe suka zama gashi kore, wutsiya ta fara tsawo, ta bar ƙoƙo ta koma hawa bakin gado, daga nan kafaɗata.

Kakata ba baƙuwar wannan aiki ba ce, domin duk yaron da aka haifa a gidan nan a ɗakinta ake yaye shi. Na ga yadda take yi da idona. Tun da sauran lokaci mai tsawo take fara jawo yaro jikinta. Yau ta ɗanɗana masa kunu, gobe ta murje masa fura, jibi ta miƙa masa ɗan dankali ya riƙe yana wasa da shi. Ba za ta yarda a sa ranar yaye ba sai ta ga yaro yana cin abinci da kansa har ya ture. Ran da aka sa, uban yaro zai karɓo rubutu wurin malam, a toya waina a yi sadaka, a ɗauko yaro a kawo mata. Bayan nan ne wahalar take: goyo safe da yamma, lallashi, waƙa, ɗumama kunu sau ba adadi, har sai yaro ya manta. Maza kuwa ranar kaɗai suke gani. Su a wurinsu yaye shi ne rubutu da waina, shi ke nan an gama.

Haka ta fara yi wa tsiryata da lokacin kaka ya kama. Ta yanko zangarniyar gero mai ruwa-ruwa ta rataye mata. Ta ajiye mata ɗanyar masara, da ɓarin gwanda, da koren wake a kwasfarsa. Tsirya ta riƙa ɓantara tana zubarwa, abin da ke shiga cikinta bai kai na ƙasa ba. Na ce ɓarna take yi. Kakata ta ce koyo take yi, kuma ta hana ni rage mata kunu. Sai an ciyar da ita ta ƙoshi sannan a kai ta wurin zangarniya, domin a cewarta ƙoshi ke sa ɗan tsuntsu sha'awar taɓa abinci, mai jin yunwa ba abin da ya sani sai roƙo. Ƙwayar gyaɗa guda kuwa ita ce tukuici, ba a ba ta sai na kira ta ta taso ta sauka a hannuna. In ta karɓa sai ta riƙe da ƙafa ɗaya tana juya ta, tana kallona da gefen ido, kamar mai cinikin goro.

Muna cikin haka saƙo ya zo daga 'Yankuzo cewa goggona, autar kakata, ta haihu kuma jikin ya ƙi daɗi. Kakata ta ɗaure kayanta za ta je ta zauna da ita har a yi arba'in. A bakin ƙofa ta ce da ni kada in fasa kunun safe da na yamma har sai tsuntsuwar ta riƙa kawar da kai da kanta, kuma ko ta kawar yau in sake gwadawa gobe. Ta tafi.

Baffana dama ya daɗe yana hararar tsuntsuwar. Da farko cewa yake muna kiwon ɓarawo a cikin gida. Amma ya taɓa zuwa Gusau ya ga wani aku a shagon wani attajiri yana amsa sallama, mutane sun taru suna kallo, abin ya zauna masa a rai. Da ya ga tsiryata ta yi gashi ta yi kyau, kuma tsohuwa ba ta nan, sai ya aika aka saƙo keji na kara. Wata safiya ina tsugune ina ba ta kunu ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Har yau tauna mata ku kai? Tsuntsu da gashinai da fiffikenai? Kawo ta. Yau za a yaye ta."

Na ce Inna, wato kakata, ta ce ba a yaye ta ba tukuna, ita za ta bari da kanta.

Ya ce, "Wa ya taɓa jin yaro ya yaye kanai? Rana guda a ka yaye. A tsame shi ga nono, ya yi kuka ya gaji ya ci tuwo."

Ya sa hannu ya ɗauke ta, kunu na zuba a gefen bakinta. Ya sa ta a keji, ya zuba busasshiyar dawa a gwangwani, da ruwa a wani, ya rataye kejin a azarar zaure, can sama inda hannuna ba ya kaiwa. Busasshiyar dawa, jama'a! Tsuntsuwar da ko ɗanyen gero ba ta gama iya ɓarewa ba.

Na ruga wurin mahaifiyata ina kuka. Ta toshe min baki da hannu ta ce, "Ke, a kan tsuntsu za ki ja mana magana a gidan nan?" Na tari mahaifina da ya dawo gona. Ya saurare ni har na gama, ya shafa kaina, ya ce Yaya ya fi mu sani. Mutumin kirki ne mahaifina, Allah ya ji ƙansa, amma irin kirkin nan ne da ba ya tsamo kowa daga rijiya.

Zaure shi ne hanyar shiga da fita, don haka duk wucewar da zan yi sai na gan ta. Da ta hango ni sai ta sauko ƙasan kejin, ta kwantar da ƙirji, ta riƙa sunkuyar da kai tana ɗagowa, tana karkaɗa fukafukai, tana wannan kuka. Da yunwa ta ci ƙarfinta sai ta koma yi wa kowa, duk wanda ya shigo. Ka san abin da dattawan zauren nan suka ce? Wani mai gemu, maƙwabcinmu, ya tafa hannu ya ce, "Kai Malam, wagga tsuntsuwa akwai ladabi! Dubi yadda ta ka gaisuwa, har da durƙuso!" Aka fashe da dariya. Baffana ya gyara zama yana murmushi kamar shi ya koya mata. Labari ya zaga unguwa cewa a gidanmu akwai tsirya mai gaida mutane. Aka riƙa zuwa kallo. Tana roƙonsu abinci, suna amsa mata da "lafiya lau."

Kuma kowa da abin da zai tura mata ta tsakanin karan kejin. Wannan ya ɓantari goro ya ce shi ke buɗe baki, in ta ci za ta yi magana da wuri. Wancan ya ce a'a, sukari ne ke sa harshe laushi. Mai shayin bakin hanya ya tsiyaya mata ragowar shayi a gwangwanin ruwanta. Wanzamin unguwa har cewa ya yi in an yarda zai ɗan tsaga mata ƙasan harshe. Ita kuwa duk abin da aka miƙo sai ta buɗe baki, domin ta saba hannu abinci yake kawowa. Abu ɗaya da take bukata, kunu mai ɗumi a bakin kara, shi kaɗai aka hana.

Ban zauna ba. In an kira azahar maza sun tafi masallaci, sai in mirgino turmi daga tsakar gida in kifa shi, in hau, in zura karan ta tsakanin kejin. Tana fizga kamar za ta haɗiye shi duka. Na samu na yi haka 'yan kwanaki kafin baffana ya dawo ɗaukar carbinsa ya same ni a kan turmi. Ya tsinko tsumagiya a bakin darni ya zane min ƙafafu, yana cewa ni ke lalata ta, ni ke hana ta cin dawa. Daga ranar in zai fita sai ya ɗauki kejin ya tafi da shi, ya rataye a rumfar ƙofar masallaci. Dukan bai dame ni ba. Na sha wanda ya fi shi a kan abin da bai kai shi ba. Abin da ya dame ni shi ne kukan ya fara raguwa, sai suka ce ai ga shi nan ta fara hankali.

Akwai wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda 'yan'uwanta ke da ruga a wajen Tsafe. Na bi ta har bayan gida na roƙe ta. Ta dube ni ta dubi shatar tsumagiya a ƙafafuna, ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar kasuwar Tsafe za ta ba wata mai zuwa 'Yankuzo saƙon. Abin da na ce a faɗa wa kakata bai wuce wannan ba: an yaye tsirya, tana zaure.

Kakata ba ta jira arba'in ba. Da hantsi ta iso, ƙunshin kayanta a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ka sani, ita mai tsananin kunyar ɗan fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi wa baffana magana kai tsaye ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in tana da magana sai ta ce a gaya wa mai gida. In za ta wuce zaure da maza a ciki, sai ta ja mayafi ta bi gefen bango. Ran nan ta tsaya a tsakiyar zaure, ta sauke kayanta a kan tabarmar baƙi, ta ɗaga kai ta dubi kejin. Tsiryar tana ƙasa a takure, gashinta ya tashi, idonta rabi a rufe, ga dawa cike da gwangwani a gefenta.

Ta juyo ta kalli baffana ido cikin ido ta ce, "Kai. Sauko min da ita."

Baffana ya yi 'yar dariya ya ce, "Inna, sannu da hanya. Tsuntsu na hwa. Yaye ta munka yi."

Ta ce, "Yaye? Ɗiyanka nawa ni yaye cikin ɗakin can? Ka taɓa leƙowa ka ga yadda a ka yi? Kai dai ka kawo rubutu, ka ci waina, ka dawo nan ka miƙe ƙafa. Bayan wa ya saɓule da goyo? Wa ya tauna musu? Abin da ba ka taɓa yi ba ko sau guda shi za ka gwada ga marainiya? Sauko min da ita, ni ce."

Ya sauko da kejin. Abokansa suka shiga neman takalmansu.

A ɗaki ta fito da ita ta juya ta a tafin hannu, ta hura gashin ƙirjin. Ƙashin ya fito tsaye kamar bakin wuƙa, babu nama ko kaɗan a gefensa. Maroro kuwa akwai ɗan abu mai tauri a ciki da ya ƙi wucewa, bakinta na warin tsami. Kakata ta ɗumama ruwa ta riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan tana murza wurin a hankali, ta sa ta cikin rigarta don ta ji ɗumi. Washegari ta karɓi ɗan kunu tsararo, har ta ɗago kai da ta ji muryata, na ce a raina ta tashi. Ba ta tashi ba. Da la'asar ɗin wata rana, mata na sussuka a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu a cikin zanena. Ban ji nauyin komai ya ragu ba, domin dama babu nauyin. Na haƙa rami a bayan rumbu na rufe ta.

Kana tsammanin wani ya ce a yi haƙuri? Baffana cewa ya yi dama irinsu ba sa rayuwa a hannun mutum, kuma mu muka shagwaɓa ta har ta kasa cin abinci. Mai gemun nan ya ƙara da karin magana, wai rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ka ji fa. Su suka ɗaure kazar, su suka ɗora ta a kan damin da ba ta iya ci, sannan rashin sanin nata ne. Maganar da ta zaga unguwa ba ta tsuntsuwar da aka kashe da yunwa ba ce, ta tsohuwar da ta keta kunya ta yi wa ɗan farinta faɗa a gaban mutane ce. Har mata suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Kakata ta koma 'Yankuzo ta ƙarasa arba'in ɗinta, ta dawo ta ci gaba da bin gefen bango. Ni kuwa aka riƙa ja min kunne da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ban hau rimi ba, turmi na hau, kuma na ga abin da duk zauren nan bai gani ba.

Yanzu a Gusau nake zaune. Watannin baya surukina, mijin 'yata ta biyu, ɗan kasuwa mai son a san ya samu, ya sayo wani ɗan aku na ƙasar waje. Wai sunan irinsu makau: bayansa shuɗi, ƙirjinsa ruwan ɗorawa, baki kamar lauje. Jariri ne amma ya kai budurwar kaza girma. Mai sayarwa ya ce masa an riga an yaye shi, komai aka ba shi zai ci. Na je gidan duba jikokina, tun daga bakin ƙofa na ji kukan, na tsaya cak. Muryar ta fi kauri, amma roƙon ɗaya ne. Na shiga na tarar da ƙaton keji na ƙarfe a falo, kwano cike da busassun ƙwayoyi, yara sun kewaye shi. Wannan na tura biskit, wancan cakulan, ƙaramar tana tsiyaya masa lemon kwalba a murfi. Uban yana tsaye da waya yana ɗauka, wai tsuntsunsa na rawa, zai tura wa abokai.

Ni ma mai kunyar suruki ce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, gaisuwarmu daga nesa ce. Amma na buɗe kejin na sa hannu na shafa ƙirjin tsuntsun, na ji abin da na ji. Na ce, "Alhaji, ajiye wayar nan. Wannan ba rawa yake ba, yunwa ke kashe shi a tsakiyar falonka." Ya ce, "Hajiya, ai ga abinci nan a gabansa." Na ce wa 'yata ta ba ni kwali da tsohon tawul. Tana ta ƙifta min ido tana cewa, "Inna, don Allah," ban kula ta ba. Na tare mai keke napep na tafi da shi wurin likitar dabbobi.

Yarinya ce ƙarama likitar, kuma ta san aikinta. Ta ce da sauran watanni kafin irin wannan ya bar ci a hannu, domin manyan nan sun fi ƙanana jinkiri. Ta ba ni wani gari da ake damawa da ruwan ɗumi a ba shi da cokali. Ta ce kada goro, ko shayi, ko cakulan, ko fiya, ko abu mai gishiri ya kusanci bakinsa. In ana son faranta masa, ɗan yankan gwanda ko ayaba ko ɗanyar masara ya isa, gyaɗa kuwa sai mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, ita ma kaɗan. Da na ba ta labarin taunar da nake yi ina yarinya, ta ce kada in sake, yawun mutum na iya cutar da tsuntsu. Na karɓa, ban yi musu ba, ilimi ya ƙaru. Amma na gaya mata ba yawu ne ya kashe tawa ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan. In na je Kwatarkwashi yanzu sai in wuni ban ji kukan tsirya ba. Manyan itatuwa masu kogo an sare an yi gawayi, gonakin nesa ma da muke korar su ba kowa ke iya zuwa ba saboda halin da ake ciki. Namu sun ƙare ba wanda ya tambayi inda suka tafi. Sai kuma mu aika a ɗauko mana 'ya'yan na wasu daga bayan teku, a raba su da iyayensu tun ba su iya ci ba, mu rataye su don baƙi su gani. Zaure ya zama falo, kejin kara ya zama na ƙarfe, amma har yau wanda bai taɓa ciyar da kowa ba shi ke yanke ranar da za a daina ciyarwa.

Tsuntsun yana ɗakina. Ƙirjinsa ya cike, ya fara ɓantarar masara yana watsa min a gado, ya cinye min bakin tabarma, maƙwabta sun fara ƙorafin ihunsa. 'Yata ta ce na kunyata ta a gidan mijinta, ta yi kwanaki ba ta kira ni ba. Surukina ya aiko direbansa a karɓo masa kayansa. Na ce ya koma ya gaya masa ban hana shi abinsa ba, amma ya zo da kansa, ya cire babbar riga, ya zauna a ƙasa, in nuna masa yadda ake dama garin da yadda ake riƙe cokali, ya ciyar da shi a gabana har maroro ya cika. Ran da ya yi haka sai ya ɗauka ya tafi.

Har yau bai zo ba.